Ƙarshen da Mas'uda Ba Ta Faɗa Ba

Mas'uda ba ta barin mutum ya kalli abu cikin kwanciyar hankali. Da an fara shiri a talabijin, kafin jarumin ya gama fitowa daga mota ta riga ta faɗi wadda zai aura, da wanda zai ci amanarsa, da wanda ba zai kai ƙarshe da rai ba. Ba ta taɓa ɓoye wannan hali ba, ba ta kuma taɓa ba wa kowa haƙuri a kansa ba. Idan wata ta ce, "Don Allah Inna Mas'uda ki bari mu gani da idonmu," sai ta ce, "Ga ƙohwa nan buɗe, ki tahi gidan da ba a magana." Ba wadda ta taɓa tafiya, domin a layinsu na Sabon Birni ita kaɗai take da dish da sola. Abin haushin kuma, yadda ta faɗa haka yake faruwa.

A Gangara aka haife ta, gidan manoman gero. Ta yi karatun allo gwargwado, boko kuwa ko ƙofarsa ba ta taka ba. Aure ya kawo ta Sabon Birni, gidan Lauwali mai gyaran rediyo. Shi ya fara shigo da talabijin gidan, wani ƙarami marar launi da mai shi ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Da batirin mota ake kunna shi, eriyar tana ɗaure a kan doguwar gora. Tashar Nijar ta fi kamawa, kuma rabin abin da ake nunawa da Faransanci ne. Mas'uda ba ta jin ko kalma ɗaya, saboda haka fuskoki take kallo: wa ya sunkuyar da kai, wa ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, wa aka daɗe ana nuna shi yana sallama da matarsa. A nan ta koyi gane ƙarshen labari tun daga farkonsa. Da Lauwali ya rasu ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da ribar man ta canza talabijin, kafin ta canza katifa.

Tana da ra'ayi a kan kowane shiri, ba kuma sai an tambaye ta ba. Na Indiya da ake fassarawa da Hausa, ta ce masu yin sa ba su da aikin yi: mari ɗaya sai a maimaita shi, a nuna fuskar uwa, a nuna ta kaka, a nuna ta mai wanke-wanke, har tuwon mai kallo ya ƙone. Surukar da take shiga kicin da sarƙar gwal har cibiya, ta ce wannan ba ta taɓa hura wuta ba. Na Kano kuwa, ta ce kowa a ciki bene yake kwana, ba mai daka, ba mai zuwa rijiya, kuma talakan cikin fim ya fi attajirin Sabon Birni ƙiba. Abin da ya fi tayar mata da rai shi ne in sun taɓo ɓarayin daji. Sai a nuna ɓarawo da rawani sabo fil yana dogon jawabi, sojoji kuma su iso daidai lokacin da ya ɗaga bindiga. A nan takan ja tsaki ta ce, "Wanda yar rubuta wanga bai taɓa bin hanyar Isa ba." In miji ya ɓace a labari, tun ranar take sanar da mata cewa za a dawo da shi da gemu da sanda, sannan ta zagi masu fim ɗin, ta ce maƙaryata ne, don kada mata su daina kallo suke dawo da matattu. Shirin namun daji kaɗai take girmamawa. Ta ce zaki in ya kama barewa ba ya tsayawa bayani, ba kuma wanda yake zuwa ceto.

Cikin 'ya'yan da ta haifa biyu suka rayu. Macen tana aure a Maraɗi. Namijin shi ne Amiru, ɗanta na fari, wanda yake ɗaukar fasinja a babur tsakanin Sabon Birni da Isa. Kamar yadda matan zamaninta suke yi da ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mai babur" take ce masa, ko "wancan". Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Sai dai kullum da la'asar, in ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, takan rage muryar talabijin har ta ji tarinsa.

Amiru ya auro Murja daga Isa, yarinya marar yawan magana wadda ta yi sakandare har ta iya karanta Turanci. Murja ce ta shigo da wasan soyayya gidan. A kasuwa akwai masu tura wa mutane fina-finai cikin waya, wani daga cikinsu ya tura wa Amiru wasan, shi kuma ya sa wa matarsa don tsokana. Ba ya bukatar layi. Mace ce a ciki, da zanannun maza suna neman ta: likita, da ɗan attajiri, da wani mai gadi da ba ya dariya. Namijin yakan yi magana, rubutu ya fito, mai wasa ta zaɓi amsar da za ta ba shi. In amsar ta yi masa daɗi sai zuciya ja ta cika a saman wayar.

Ranar da Mas'uda ta fara leƙa wayar ta ce, "Wane na wanga mai gashi awa na mata?"

"Likita na, Inna. Shina sona."

"Shina cin tuwo?"

"Zane na, Inna."

"To mijin da bai cin tuwo bai kawo hatsi, mi za ki yi da shi?"

Murja ta rufe baki da gyale tana dariya. Mas'uda ba ta yi dariya ba, da gaske take. Ta ce namijin da zai tsaya ƙiƙam yana jiran mace ta gama tunanin amsa, ba a haife shi ba tukuna. Ta ce abin yana koya wa 'yan mata cewa aure zaɓen magana ne, alhali aure wanki ne da jinya. Da ta ji cewa in ka yi kuskure kana iya komawa baya ka sake zaɓa, sai ta ce wannan ya fi fim ƙarya. Da ta tambayi yadda labarin yake ƙarewa, Murja ta ce ƙarshensa da yawa, ya danganta da abin da ka zaɓa, sai ta ji kamar an raina mata hankali. Wannan ne labari na farko da ta kasa faɗin ƙarshensa, kuma ba ta yafe masa ba.

Amiru kuwa daɗinsa yake ji. Yakan fizge wayar ya riƙa zaɓar amsoshin rashin kunya har likitan ya yi fushi, Murja tana bin sa tsakar gida da muciya. Da ta kai babin ƙarshe, inda za a ɗaura aure, ya hana ta buɗewa. Ya ce, "Kada ki aurar da kanki ga likitan ga ba ni nan. Ni na waliyyi. Ki jira in dawo."

Murja tana da ciki a lokacin, na uku. Biyun farko sun zube. Na farko ranar da aka shiga unguwarsu a Isa da harbi tana can ganin gida, ta yi gudu har ta faɗi. Na biyu ranar da aka zo aka faɗa mata a tsaye, ba shiri, cewa an kashe yayanta a gona. Malamar asibiti ta gaya wa Mas'uda a fili cewa jinin yarinyar yana hawa, kuma mummunan labari yana iya yi mata abin da gudu ya yi.

Gero ya fara nuna lokacin da aka tare hanyar Isa aka kora mutane daji, har da Amiru da fasinjansa. Ba a jima ba gwamnati ta rufe layukan waya a yankin gaba ɗaya, aka hana cin kasuwanni. Ko ɓarayin suna son kira, ba ta inda za su kira. Ƙanen Mas'uda, Malam Nura, mai koyarwa a Islamiyya, ya je har wajen Burkusuma inda ake kama layin Nijar, ya hau tudu ya yi ta kiran lambar Amiru, a kashe. Wayar Murja ta zama ba ta da wani aiki sai wasan. Ta koma farkonsa ta sake bi, ta zo bakin babin ƙarshe ta tsaya, ta sake komawa. Mata suka ci gaba da zuwa kallo da la'asar, domin ba inda za su je, kuma ɗakin Mas'uda ne kaɗai wurin da ake jin wata magana ban da ta wa aka ɗauka jiya.

Wata ranar da hantsi, Murja ta tafi awon ciki tare da Larai, maƙwabciyar Mas'uda kuma ƙawarta tun suna amare, wani mutum ya yi sallama. Mas'uda tana tuyar ƙuli-ƙuli a bakin zaure. Mutumin ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙafafunsa a kumbure, naɗe da tsumma. Ya ce sunansa Sodangi, mutumin Kurawa ne.

"Nan na gidan su Amiru mai kabu-kabu?"

"Nan na."

Ya tsuguna. Ya ce sarƙa ɗaya aka ɗaure su da shi. Sarƙar ta ci ƙafar Amiru, ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga. Ya ce da ya cika, ɓarayin sun kwance mutum biyu su haƙa rami, shi yana cikin biyun, kuma ya yi masa salla iyakar yadda ya iya. Shi kansa daga baya ya samu ya gudo.

Mas'uda ta juya ƙuli-ƙulin cikin mai. Ta ce, "Amiru da yawa a ƙasar ga. Mi yas sa kac ce na gidan ga na?" Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta.

"In rana ta yi zahi anka bar mu ƙarƙashin itace, shi ka ba mu labarin fim don mu mance yunwa. Amma daga ƙarshe shika farawa. Mu ce ka bari mu ji sannu sannu, shi ce haka uwatai ka yi, kuma ba a taɓa korar ta ba tunda talabijin nata na."

Ba ta ƙara tambaya a kan wannan ba. Ta gama kwashe abin da yake cikin kasko, don kada ya ƙone. Ta shiga ta kawo masa fura da ruwa, ta zauna har ya shanye. Sannan ta tambaye shi wa ya gaya wa. Ya ce ba kowa, daga asibiti nan ya fara zuwa, kuma gobe zai haye Nijar wurin danginsa, ba zai ƙara kwana a ƙasar nan ba.

"To ka tahi da bakinka," in ji ta. "Matatai tana da ciki."

Bayan la'asar ta sami Malam Nura a zaurensa, yara sun tashi. Ta gaya masa a tsaye. Ya yi salati, ya zauna ya rufe fuska da hannun riga. Ta jira ya gama.

"Yaya, sai a gaya ma yarinyar. Haƙƙinta na. Takaba ta hau kanta."

"Takabar mai ciki yaushe taka ƙarewa?"

"Ran da ta haihu."

"In ba ta sani ba har ta haihu?"

Ya dube ta. "Iddarta ta cika, kuma babu laihi gare ta, tunda ba ta sani ba. Amma wanda yas sani yaɓ ɓoye..."

"Shi ad da laihi?"

"Ban ce babu ba."

"To a aza mini."

"Kin san mi kika ɗauka? Ba zaman makoki, ba sadaka, ba mai zuwa yi miki gaisuwa. Ko kuka ba ki yi sai a ɓoye. Kuma ke, Yaya. Ke da ba ki iya riƙe ƙarshen fim daga azahar zuwa la'asar."

"Nura, ciki biyu munka binne a bayan ɗaki. Wanga shi kaɗai yar rage na wancan. Ka yi mashi addu'a kai ɗaya, ka bar ni da sauran."

Bai ce ya yarda ba, amma bai faɗa wa kowa ba. Bayan shi, Larai kaɗai Mas'uda ta gaya wa, domin tana bukatar wadda za ta riƙa tare masu zuwa kallo a ƙofa tana jin abin da suka jiyo kafin su shiga.

Wahalar ba a rufe baki take ba. Da shiru ne kawai, da sauƙi, tunda dama ba ta maganar ɗan fari. Wahalar ita ce dole ta ci gaba da zama Mas'udar da aka sani. Dole ta kunna talabijin a kan lokaci, ta ja tsaki inda ake jan tsaki, ta zagi surukar Indiya, ta ci abinci a gaban Murja ta kuma ce gishiri ya yi yawa. In ƙarar babur ta wuce a layi hannunta yakan tafi wajen rage murya da kansa, sai ta mayar da shi kamar ƙuda take kora.

Murja kuwa ƙunshi take yi. Tun da aka ɗauke mijinta ba ta bar lallen ƙafarta ya goge ba, ta ce ba ta son ya dawo ya same ta kamar marar lafiya. Da cikin ya yi girma ta kasa sunkuyawa, wata safiya ta kawo kwanon lalle ta ajiye a gaban surukarta, kanta a ƙasa don kunya.

"Inna, hannuna bai kai ba."

Mas'uda ta san mai takaba ba ta taɓa lalle, ba ta sa kwalli, ba ta shafa turare. Ita kanta ta yi takabar Lauwali da zane ɗaya. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙafafun da suka kumbura. Ta ce, "Miƙo." Ta shafa lallen, ta naɗe da ganye da leda, ta ɗaure, tana faɗan cewa an dama shi da ruwa da yawa. Da ta gama ta shiga banɗaki ta daɗe. Ta fito ta ce cikinta ne ya ɓaci.

Kuskure ɗaya ta yi. A cikin shirin Indiyan da suke bi, jirgin ƙasa ya faɗi da mijin jarumar, aka nemi gawa ba a samu ba. Ɗakin a cike yake, mata suna jiran Mas'uda ta fara, domin wannan irin wurin ne da take cewa ga maƙaryata za su dawo da shi da gemu. Ba ta ce komai ba. Murja, wadda take jingine da bango da waya a cinya, ta ɗago.

"Inna, za shi dawowa?"

Mas'uda ta buɗe baki. In ta ce zai dawo, dole ta bi da zagin da ta saba, ta ce a duniyar gaske wanda ya ɓace ya mutu. In ta ce zai dawo ta tsaya a nan, ta yi wa yarinyar alkawari. Ta ce, "Mu kalla mu gani."

Ba wanda ya taɓa jin wannan magana a ɗakin. Larai ta yi maza ta ce, "Yau kam tsuhwa ta kama ki, Mas'uda, kan ya toshe." Mata suka yi dariya. Mas'uda ta ce, "Kanki na yat toshe, ke da har yau ba ki gane wane na uban yaron ba," ta shiga faɗin abin da zai faru da kowa a shirin har da karen gidan. Murja ta mayar da idonta kan waya.

Bayan wannan lallen ya goge ba a sake shi ba. Kwalli ma ta daina, ta koma ɗaura wani tsohon zane marar ado. Mas'uda ta tambaye ta, ta ce warin lalle tashin zuciya yake sa ta, kuma kayanta sun matse ta. Mas'uda ta karɓi wannan amsa da hannu biyu, domin tana son ta karɓa.

Don ta hana yarinyar zaman bakin zaure tana kallon hanya, sai ta fara zama da ita a kan wasan da ta tsana. Takan ce, "Karanta mini abin da mutumin ga yac ce." Murja ta karanta ta fassara. Mas'uda ta zaɓi amsa. Likitan bai yi mata ba, ta ce bakinsa ya cika zaƙi, irin su ne suke da mata a wani gari. Ɗan attajirin ta ce rago ne. Mai gadin da ba ya dariya ta ce da shi za a iya zama, in dai dole ne a auri zane. Amsoshinta ba sa cika zuciyar da take saman waya, domin abin da take zaɓa kullum shi ne wanda ya fi kusa da "tashi ka nemi aiki". Murja takan yi dariya har ta riƙe ciki. Wata rana mai gadin ya yi fushi ya tafi, Mas'uda ta ce, "Koma baya mu sake." Murja ta tuna mata cewa ita ce ta ce komawa baya ƙarya ne. Ta ce har yanzu ƙarya ne, amma wannan aƙalla bai taɓa cewa shi gaskiya ne ba, ba kamar masu fim ba. Babin ƙarshe dai ba su buɗe shi ba. Duk lokacin da suka zo bakinsa Murja takan kife wayar, Mas'uda kuma ta tashi ta ce tana da aiki.

Mas'uda ta daɗe da hawan jini. Da aka rufe kasuwanni maganin da take sha ya yi wuyar samu, ta kuma ƙi bari Malam Nura ya bi hanya saboda ƙwayoyi. Wata safiya ta faɗi a gefen kasko. Ɓarin jikinta na hagu ya mutu, bakin ya karkace, amma ana gane maganarta in an matso. Hanyar babban asibiti ba ta biyuwa, a gida aka yi jinya. A wannan lokacin wasu da suka fito daga daji sun fara shigowa gari, labarin Amiru ya fara yawo, har mata biyu daga cikin masu zuwa kallo sun ji.

Ba ta ga haihuwar ba. Ta rasu cikin yana watan haihuwa, aka yi mata zaman makokin da ba ta yi wa ɗanta ba. Murja ta haifi namiji, ƙarami sosai, amma da ransa. Bayan ta yi wankan farko ta sha kunun kanwa, Larai ta zauna kusa da ita ta fara kewaye-kewaye. Murja ta ce ba sai ta wahala ba. Ta ce ta sani tun ranar da Inna ta ce mu kalla mu gani. Ta ce ta shiga ɗaki ranar ta kwanta tana jiran jini ya zo, bai zo ba. Washegari ta shiga takaba ba tare da ta kira ta da sunanta ba. Larai ta tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ta ga tsohuwar tana ɗauke da abin da ƙyar, kuma shi ne abu na farko da ta taɓa riƙewa, ba ta so ta nuna mata ya zube.

Wataƙila da an gaya mata tun ranar da Sodangi ya zo ba abin da zai sami cikin. Wataƙila kuma don ba a jefa mata labarin a tsaye ba ne ya zauna. Ba wanda ya sani, malamar asibitin ma ba ta sani ba. Bayan arba'in iyayen Murja suka zo suka tafi da ita Isa da jaririn, wanda aka sa wa sunan ubansa. Wasan yana nan cikin wayarta, a bakin babin ƙarshe. Talabijin ɗin Larai ta gada, mata suna zuwa, suna kallo shiru har shiri ya ƙare, kuma da yawansu sun ce ba daɗi.

Mas'uda dai ta tafi tana ganin asirinta bai fasu ba. Ranar da ya rage mata kwana ɗaya a duniya, da la'asar, ta sa Murja ta je ta dama mata kunu, ta ce a dama shi a hankali kada ya yi gudaji. Da yarinyar ta fita ta yi wa Larai alama da hannun da yake motsi. Larai ta kira Malam Nura daga zaure, da matan nan biyu da suka ji labari. Talabijin yana kunne, an rage murya. Suka matso don su ji.

"Kun san halina," in ji ta. "Duk wanda niɓ ɓata ma kallo, na ɓata, ba ni neman gahwara kan wanga. Abu guda nika roƙo. Kada wanda yag gaya mata sai ta sauka lahiya. Ko na mutu, ku yi kukana ni ɗaya, kada ku haɗa da nashi. Ku riƙa zuwa kallo awa kullum, ku yi surutu, kada ɗakin ga shi yi shiru ta gane."

Ta huta. Larai ta goge mata yawu a gefen baki.

"In ta sauka, Larai, ke za ki hwaɗa mata. A zaune, ba a tsaye ba. Nura, ran nan ka yi ma Amiru sadaka, ka kira sunanai da ƙarhi a masallaci. In ta yi hushi an ɓoye mata, in ta ce an sa ta ƙunshi mijinta na ƙasa, ku ce ni na hana, ni kuma na ɗaura mata lallen. Kada ta riƙe kowa sai ni."